Littafin Motata a Tseren Kafaɗa da Kafaɗa

2 ga Maris, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta duk abin da ya sami motar nan daga yau har ƙarshen kakar tsere ta bana. Shekara biyu ke nan ina shiga otokuros na ɗai-ɗai, irin wanda ake jera robobin alama masu tsini a kan fili mai faɗi, kowa ya shiga shi kaɗai, agogo na lissafa masa. Zagaye ɗaya bai cika wuce sakan sittin ba, kusan duka a giya ta biyu ake yin sa, kuma da wuya gudu ya haura kilomita 100 a awa. A shekara biyun nan ban canza komai ba sai tayoyi da birki da baƙin mai.

Bana ƙungiyarmu ta kawo sabon salo, na mota biyu a lokaci guda. Ana shimfiɗa hanya biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kowacce tamkar hoton 'yar'uwarta a madubi. Motoci biyu su tsaya a layi ɗaya, tsakaninsu sanda mai fitilu irin ta masu tseren miƙaƙƙiyar hanya. Fitilar ɗorawa ta kama, bayan rabin sakan koriya ta kama. Wanda ya motsa kafin rabin sakan ɗin ya cika, ja ce za ta kama masa, zagayen ya tashi a banza. Agogo yana fara lissafi ne daga kamawar fitila, don haka jinkirin ƙafarka ma a kanka yake. Kowace roba da ka kayar, sakan biyu ne za a ɗora maka. A ƙarshe a haɗa mafi kyawun lokacinka na hagu da mafi kyawu na dama.

Salon ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ƙungiyar SCCA ta Amurka ce ke gudanar da shi da sunan ProSolo, kuma wasan ƙarshe na shekara a Lincoln ta jihar Nebraska suke yin sa, a kan shimfiɗar kankare ta filin jirgin sama. A Turai kuwa idan aka ce otokuros wani abu dabam ake nufi, tsere ne a kan ƙasa da ciyawa, motoci da yawa su tashi tare. Namu na kwalta ne da robobi, babu mai gogar wani.

Motar ƙarama ce mai jan gaba, injin lita 1.6, giya biyar ta hannu, nauyinta bai wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba. Ta yi kilomita 187,000, kuma kulochin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta har yau. Ita nake hawa zuwa wurin aiki. Wasanni shida ne a kakar, burina in halarci dukkansu, kuma kowane ɗaya motar ta dawo da ni gida da ƙafarta.

16 ga Maris

Ni da ƙanena muka yini a kanta. Mun zubar da man birki gaba ɗaya muka sa sabo. Tsohon ya yi duhu kamar shayi, alamar ya sha ruwa. Mutane na raina wannan, alhali bambancin ba kaɗan ba ne: man DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha damshi ma'aunin yakan sauko har wajen 155. Mun ɗaure batir da ƙarfe saboda masu duba motoci kafin tsere sukan girgiza shi da hannu, in ya motsa ba za ka shiga ba. Mun sa tayoyi huɗu sababbi masu lambar jurewa 200, waɗanda su ne mafi kamun da aka yarda da su a ajinmu. Zurfin zanensu milimita 6, na auna na rubuta a bangon gareji da alli.

Da yamma na kai ta wurin dattijon makanikin da ke duba mini ita tun da na saye ta. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya kama shaf ɗin dama, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ya jijjiga, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya fito sai ya ce, "Ɗana, wannan tashin da kake faɗa, sau nawa za ka yi shi a rana?" Na ce sha biyu, Baba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "To kwanar ba ta dame ni ba. Tashin nan shi zan so in gani."

6 ga Afrilu

Wasa na farko. Na san hanyar, na taka ta da ƙafa sau uku da safe, hagu da dama. Abin da ban shirya masa ba shi ne mutum a gefena.

Na matsa a hankali har ƙaramar fitilar da ke nuna tayata ta hau layi ta kama. Na waiga, ga wata jar mota taku huɗu daga ƙofata, direbanta ya ɗaga injinsa sama yana riƙe da shi, ƙarar tana shigowa ta cikin hular kwanona. A gida na ƙudurta zan tashi inji yana juyi 3,000 a minti. Da na kalli agogon juyin inji sai na ga allura tana kan 4,800, ban kuma san lokacin da ƙafata ta kai ta can ba. Fitila ta kama, na zare ƙafa daga kulochi gaba ɗaya. Gaban motar ya hau tsalle, daf-daf-daf-daf, sitiyari na karkarwa a hannuna, madubin ciki ya karkace, murfin akwatin gaban fasinja ya buɗe da kansa. Sai da na ɗan sassauta totur kafin ta kama ƙasa. Jar motar ta riga ta shige ƙofar robobi ta farko.

Haka na yi kusan duk ranar. Cikin tashi goma sha biyu, tara da tsallen nan aka yi su, biyu kuma jar fitila na samu. Tsarin wasan ma ba ya barin mota ta huta: ka gama hagu ka zagayo ka shiga layin dama, ka gama ka koma hagu, sau huɗu a jere kafin ka fita. Bayan zagaye na takwas da na buɗe ƙofa sai wani wari ya buge ni, kamar gashi da roba sun ƙone tare. Wani tsohon hannu da ke ajiye kusa da ni ya shaƙi iska ya ce, "Malam, kulochinka ne wannan, ba birki ba."

Na zo na bakwai cikin goma sha ɗaya. Kuma gaskiya ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na yau ba. A kwanar ƙarshe hanyoyin biyu suna juyowa su fuskanci juna, kana ganin abokin karawarka ta gefen ido, ka san ko kai ne a gaba ko shi. Agogo kaɗai ba ya ba mutum wannan.

9 ga Afrilu

Na ɗaga ta a jak. Tayoyin gaba: tsakiya milimita 5.3, amma kafaɗar waje ta sauko 4.4, kuma robar ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar an goge ta da dutse. Wannan na saba gani. Ƙaramar mota irin wannan idan ta kwanta a kwana tayar waje tana birkicewa ta hau gefenta, sai gefen ya ɗauki aikin duka. Zan ƙara iska zuwa psi 38 a gaba, in kuma mayar da na gaba baya.

Abin da ban saba gani ba yana ƙasan inji. Robar injin-sit na baya, wanda ke hana inji tuntsurawa gaba da baya, ta tsage rabi. Na sa ƙarfe na ɗan danna sai na ga haske ta cikin tsagar. Watan jiya lafiyarta ƙalau, na duba da idona. Na sa sabo irin na kamfani.

4 ga Mayu

Wasa na biyu. Na ɗan fi natsuwa, jar fitila ɗaya kawai. Amma tun zagaye na shida, da na jefa giya ta biyu na taka totur, sai allura ta haura sama motar kuwa ba ta bi ta ba, na kusan rabin sakan, kafin ta kama. A zagaye na goma abin ya fito fili har masu tsaron robobi suka ji. Na haƙura da biyun ƙarshe. A hanyar gida na gwada ta a giya ta huɗu a kan hawa, injin ya yi ta kuka shi kaɗai. Ta kawo ni gida dai.

12 ga Mayu

Kwana biyu muka yi a garejin Baba, muka sauke giyabos. Da aka zaro farantin kulochin sai ya miƙo mini ya ce in shafa. Ya yi sumul yana ƙyalli kamar gilashi, ƙusoshin da ke riƙe da fatarsa sun kusa fitowa, biyu daga cikin sifirin ɗin tsakiya suna girgiza a gidansu. Fuskar filaiwil kuwa, wato faifan ƙarfen inji da kulochi ke kamawa, ta yi tabo-tabo shuɗaye, wajen guda bakwai, kowane kamar girman babban yatsa. Zafi ne ya taurara ƙarfen a waɗannan wurare. Baba ya ce kulochin da ya yi kilomita 187,000 dama ya tsufa, amma da tuƙin yau da kullum zai iya ƙara shekara biyu. Tashi ashirin da biyu suka ƙarasa shi.

Aka kai filaiwil aka wanke fuskarsa a inji. Wajen zaɓen sabon kulochi muka ɗan saɓa. Ni na nace sai mai ƙarfin kamu, wanda ya fi na kamfani matsewa, don kada in sake sauke giyabos a tsakiyar kaka. Shi kuma ya ce, "Ɗana, ƙarfin da tsohon yake zubarwa, in sabon bai zubar ba, wani ne zai ɗauka." Na ji maganar, amma na sa wanda nake so.

1 ga Yuni

Shaf ɗin dama ya karye.

Zagaye na biyar ne, hanyar hagu. Kwaltar ta yi zafi, roba ta kwanta a wurin tashi saboda motocin da suka riga mu, kamu ya yi kyau fiye da kowane lokaci. Abokin karawata ya fi ni da kashi uku cikin goma na sakan, ina son in karɓo su tun daga layi. Na riƙe ta a 4,500. Fitila ta kama, na saki, ta yi tsalle sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai na ji ƙau, kamar an buga guduma a ƙasan ƙafata. Injin ya yi sama ba nauyi a kansa, motar ta gangara taku biyar ta tsaya. Na sa giya ta ɗaya, babu. Ta biyu, babu. Na baya ma babu. Agogon gudu yana nuna ina tafiya, ni kuwa ina tsaye, domin difaranshal, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, yana juya guntun da ya karye shi kaɗai.

Mutum huɗu suka turo ni gefe. Da muka leƙa, baƙin giris ya fantsama ko'ina a cikin gidan taya, robar haɗin waje ta yage, ƙwallayen ƙarfe biyu daga cikin shidan da ke cikin haɗin suna ƙasa a kan kwalta. Ƙanena ya tsince su ya sa mini a tafin hannu, da ɗuminsu. Ya ce, "Yaya, ajiye waɗannan." Suna nan a kan teburina.

Babbar mota ce ta ɗauko mu. Burin dawowa gida da ƙafarta sau shida ya faɗi a na uku, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

8 ga Yuni

Mako guda ina juya abin a raina, na kuma zauna da biro na yi lissafi.

Injina yana ba da ƙarfin murɗi wajen Nm 150 (Nm shi ne ma'aunin murɗi). Giya ta ɗaya tana ninka shi sau 3.5, giyar difaranshal ta sake ninkawa sau 4.1. Ya zama sama da Nm 2,100 ke nan ake rabawa shaf biyu. A giya ta biyu, inda ake yin sauran tseren duka, bai kai 1,200 ba. Wannan kuma idan ƙarfin yana zuwa a jere ne. Idan ka ɗaga inji sama ka zare ƙafa lokaci ɗaya, nauyin filaiwil da ke juyawa yana sauka a kan shaf a bugu ɗaya, ya ɗara wancan lissafi nesa.

Sai tsallen. Mota mai jan gaba idan ta zabura nauyinta baya yake komawa, tayoyin da ke ja su yi sakayau. Taya ta kama ƙasa, robobin da ke riƙe da inji da ƙafafun mota su lanƙwashe, taya ta kufce ta juya a banza, robobin su dawo da ƙarfi, taya ta sake kamawa. Hakan yana maimaituwa sau da dama cikin sakan ɗaya, kuma kowane kamu duka ne a kan haƙoran shaf da ƙwallayen haɗi. Tsohon kulochina yana zamewa ya shanye rabin dukan, shi ya sa ya ƙone. Sabon ba ya zamewa. Tayoyin ma ba sa son zamewa. Abin da Baba ya faɗa ke nan, kuma da na koma masa bai tuna mini ba, sai kawai ya ce in miƙo sufana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a otokuros na ɗai-ɗai agogo ba ya farawa sai ka wuce na'urar haske da ke 'yan taku gaba da inda ka tsaya, kuma masu shimfiɗa hanya sukan sa kwana nan da nan bayan layi don kada kowa ya amfana da fizga. Shekara biyu, zagaye sama da ɗari, ban taɓa zare kulochi da ƙarfi ba don babu dalili. A nan kuwa mita 18 na farko miƙe suke, ana ma auna su dabam a buga maka a takarda, ga kuma mutum a gefenka yana ihun inji. Duk abin da na rasa bana, injin-sit da kulochi da shaf, cikin mita goma sha takwas ɗin nan na rasa shi.

Mun canza shaf duka biyun. Na hagun bai karye ba, amma da Baba ya wanke haƙoransa na ciki ya ɗaga su ga haske, sun ɗan murɗe, ba su miƙe kamar na sabo ba. Mun sa injin-sit na baya mai tauri. Yanzu idan tana tsaye sitiyari na ɗan rawa, na yarda da hakan.

22 ga Yuni

Ƙungiya ta buɗe ranar gwaji, aka kafa fitilu ba tare da gasa ba. Na je da niyya ɗaya, in san abin da fizgar nan take saya mini. Na yi tashi tara, ina barin minti biyar tsakaninsu, ƙanena yana rubuta lokacin mita 18.

A juyi 4,500 da zare ƙafa, sau biyu kawai na yarda na gwada: sakan 2.41 da 2.52, duka da tsalle, ko da yake sabon injin-sit ya rage shi. A juyi 3,500 ina sakin kulochi da sauri amma ba zarewa ba: 2.38, 2.40, 2.36. A juyi 2,800, in fara ɗan ɗaga ƙafa har in ji motar ta ɗauki nauyi kafin fitila, sannan in saki ina ƙara totur tare: 2.43, 2.44, 2.42, 2.45. Babu tsalle ko ɗaya, babu wari.

Na daɗe ina kallon takardar. Tashin da ya karya mini mota bai ma fi sauri ba. Na tsakiyar shi ne mafi kyau, na ƙasan kuwa abin da ya rasa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, alhali roba ɗaya da za ka taɓa sakan biyu ce cur. Na yanke 3,000. Na manna jan tef a kan gilashin agogon daidai wurin, domin na riga na san idan wani ya tsaya a gefena ƙafata ba ta jin maganata, gara ido ya sami abin kallo.

13 ga Yuli

Wasa na huɗu, rana mai tsananin zafi. Tef ɗin ya yi aiki. Sau biyu na kama allura ta wuce shi, na dawo da ita kafin fitila. Na zo na huɗu, mafi kyawun matsayi da na taɓa samu.

Sai dai kwanonin ma sun nuna nasu. Hanyar yau tana da doguwar kwana mai zagaye kusan rabin da'ira, kuma a ta dama, wadda ke juyawa hagu, fitilar baƙin mai ta ƙyafta sau biyu. Mai yana taruwa gefe ɗaya na kaskon ƙasa, bakin famfo ya shaƙi iska. Na tsaya na duba, ma'auni yana tsakiya. Na cika shi har layin sama, ba ta sake ƙyaftawa ba. Man sitiyari ya kumfo ya malalo ta murfi. Allurar zafin ruwa ta haura inda ta saba yayin da nake jira a layi, don babu iska mai ratsa lagireto, sai na kunna hita har ƙarshe na buɗe gilasai, ina zufa ina kallonta tana saukowa. Bayan kowane zagaye huɗu ba na jan birkin hannu, sai in bar ta a giya, don kada birki mai zafi ya manne a wuri ɗaya.

Ba ni kaɗai ba ne. Wani mai ƙaramar mota buɗaɗɗiya mai jan baya ya fasa difaranshal a kan layi, mai ya zubo aka tsayar da wasa rabin awa ana zuba gari ana sharewa. Masu motoci masu jan ƙafa huɗu su ne suka fi kowa tashi da kyau, su kuma suka fi kowa fargaba, domin tayarsu ba ta zamewa ko kaɗan, duk dukan a kan kulochi da giyabos yake ƙarewa. Ɗayansu ya ce mini kulochi na uku ke nan a jikin tasa. A ganina ya kamata masu shirya wasa su riƙa gaya wa sababbin shiga wannan tun a taron safe, kamar yadda suke nanata maganar hular kwano da tutoci. Yawancinmu motar da muka zo da ita ita ce za ta kai mu aiki ranar Litinin.

20 ga Yuli

Na zubar da man giya. A cikin faranti, ƙarƙashin rana, yana walƙiya da ƙananan ƙyalli masu ruwan tagulla, maganaɗisun murfin kuma ya tara garin ƙarfe fiye da yadda nake so. Na sa sabo. Tayoyin gaba sun kai milimita 2.5 a kafaɗa, na sa an cire su daga ƙarfensu an juya, gefen ciki ya koma waje.

17 ga Agusta

Ruwa aka yi tun asuba, kuma shi ne ya ba ni ranar da ta fi kowacce daɗi. A jiƙaƙƙiyar kwalta duk wanda ya fizga sai tayarsa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ni kuwa wata biyu ke nan ina koyon ɗaukar nauyi a hankali. Na rage zuwa 2,300, ta tashi sumul kamar a titi.

Na shiga zagayen fitar da gwani na yamma a karon farko. A nan ana jinkirta fitilar wanda ajinsa ya fi sauri, don ƙaramar mota ta iya karawa da babba. Aka haɗa ni da mai jar motar nan ta watan Afrilu. A hanyar hagu ya riga ni da kashi biyu cikin goma na sakan. Muka yi musanyar hanya. Ina jin injinsa sama, ban waiga ba, idona na kan tef da fitila. Na tashi a sakan 0.540 bayan fitilar ɗorawa, daf da kamawar koriya. A kwanar ƙarshe na hango shi ta gefe, bayan motarsa ya ɗan zame ya gyara, ni kuma na riga na miƙe. Fitilar nasara ta kama a gefena. Ƙanena yana tsalle cikin ruwa ba lema. Mai jar motar ya zo har ƙofata ya ba ni hannu ya ce, "Barka, ɗan'uwa, yau ka tuƙa." A zagaye na gaba aka fitar da ni, na kayar da roba.

Motar ta dawo gida lafiya, sai dai a hanya na fara jin gurnani daga gaban hagu, yana ƙaruwa idan na karkata dama.

24 ga Agusta

Boris ɗin tayar gaba ta hagu ne, na canza. Wannan aikin kwana ne da tayoyi masu kamu, na sa ran zuwansa.

Wanda ya dame ni shi ne giya ta biyu. Idan injin yana sama na jefa ta da sauri sai ta yi ƙarar haƙori kafin ta shiga. Ƙyallin tagullar nan da na gani a mai, zoben da ke daidaita gudun giya ne yake cinyewa. Canjin ɗaya zuwa biyu shi ne kaɗai canjin da ake yi a zagaye, kuma a wannan salo ana yin sa ne da gaggawa, kana ganin hancin motar wani yana wuce naka. Akwai kuma wani ƙas-ƙas da nake ji idan na saki totur na sake takawa. Baba ya saurara, ya ce a buɗe.

14 ga Satumba

Giyabos yana kan benci a buɗe. Zoben giya ta biyu ya cinye har ya zauna daf da haƙora, babu ratar da ya kamata. Sandar da ke ratsa tsakiyar difaranshal, wadda ƙananan giyoyi biyu ke juyawa a kanta, ta yi zane mai zurfi da launin ƙuna, farce yana maƙalewa a ciki. Irin wannan yana faruwa ne idan taya ɗaya tana juyawa a banza ɗaya tana riƙe, a wurin tashi ko a fitowa daga matsattsiyar kwana. Baba ya juya sandar a hannunsa ya ce yawancin wannan tun watan Afrilu da Mayu aka yi shi, kuma da an ƙara wasa ɗaya ko biyu a haka da ta fasa gidan giyabos ɗin ta fito. Farantin kulochi kuwa, da muka duba tunda an riga an sauke, kamar jiya aka sa shi. Haƙoran shaf duka biyu a miƙe suke.

Mun yi odar zobe da sanda da ƙananan giyoyin da sababbin sil. An ce kwana goma. Wasan ƙarshe ranar 5 ga Oktoba ne, ina matsayi na biyar a jimillar maki, tsakanina da na huɗu maki shida. Tayoyin da ke jikinta ba za su kai ba, na gaba sun sauko milimita 1.8, don haka sai na nemi biyu kafin ranar. Ƙanena ya nemi in bar shi ya shiga a matsayin direba na biyu a motar, wanda zai mayar da tashi goma sha biyu zuwa ashirin da huɗu a rana ɗaya. Na ce masa sai mun haɗa giyabos, mun je fili mun yi tashi goma a 3,000 ina zaune a gefensa, sannan in ba shi amsa. Kafin nan motar tana kan jak a garejin Baba, mun lulluɓe injin da tamfol.